ZANCEN KASUWA: Mai talla a waya da goribar Gulbin Kaba

A da, mai saƙar tabarma a ƙasar Gidan Amumune yana jiran ranar kasuwa. Yau kuwa akwai samarin da ke ɗaukar hoton tabarma da faifai da malfa, su sa a WhatsApp ko Facebook. Mai saye yana Maraɗi ko Yamai ko Kano, ya gani, ya aiko da kuɗi ta Nita ko Amana, a ɗora masa kaya a mota. Wannan ci gaba ne. Amma akwai tambaya guda: wannan ciniki zai raya goriba ne, ko zai kashe ta?

Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi. Daga kaba ya samo sunansa. Kowa ya san kaba ita ce goriba tun tana ƙarama. In ana yankan ganyenta kullum, ba ta tashi. Tana zama a ƙasa shekara da shekaru, ba ta yin tsawo, ba ta yin ƴaƴa. In aka sare zuciyarta, wannan tsiron ya mutu ke nan. Tsofaffin goriba suna faɗuwa, ƙanana kuma ba a bari su maye gurbinsu ba. To, in waya ta ƙaro masu saye, yanka ma zai ƙaru. Nan ne mai talla yake da nauyi a wuyansa, domin shi ke tsakanin mai yanka da mai kuɗi.

Mutanen jihar Maraɗi ba baƙin gyaran daji ba ne. A 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoma a kan sassaben zamani: manomi ya bar tsiro a gona, ya rage masa rassa, ya tsare shi har ya girma. A 1984 aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2020 gwamnati ta fid da dokar da ta tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya raina a gonarsa. Abin da ya rage shi ne kasuwa ta san darajar wannan wahala.

Ga abin da ya kamata mai talla ya riƙe.

Na ɗaya, ya san inda kayansa suka fito. Ya fi son kabar manomin da ke barin tsiro ɗaya ko biyu a kowane gindi, ba ya taɓa su har su zama goriba.

Na biyu, ya nuna wa mai saye. Hoton tabarma kawai bai isa ba. Ya haɗa da hoton gonar, da izinin mai ita, ya yi saƙon murya ya bayyana yadda aka yanki kabar. Mutumin birni bai san wannan ba sai an gaya masa. Amma ban da ƙarya. Wanda ya ɗauki hoton gonar wani ya sayar da kayan wani, ranar da asirinsa ya tonu, ya ɓata sunan gari duka.

Na uku, in ya samu ƙarin kuɗi saboda wannan bayani, ya raba da masu aiki. Mata da yara su ne suka fi shan rana wajen yankan kaba. Wadda aka biya da kyau ba ta buƙatar aske gindi duka kafin ta samu na dawa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na huɗu, kada ya karɓi cinikin da ya fi ƙarfin daji. In an nemi tabarma ɗari, abin da ke akwai hamsin ne, ya faɗi gaskiya, sauran a jira.

Na biyar, ya yi tallar abin da itace ke bayarwa yana tsaye: ƴaƴan goriba, magarya, man aduwa, anza. A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods, wanda aka kafa a 2014, yana sayen irin waɗannan ƴaƴan itace a hannun matan karkara, ya gyara, ya sayar, yana kuma tallarsu a intanet. Buhun gawayi sau ɗaya ake sayar da shi. Aduwa kuwa kowace shekara tana zuba.

Na shida, ya guji leda. Tun 2014 dokar Nijar ta hana baƙar leda da irinta marasa kauri. Makiyayi ya san abin da ake tararwa a tumbin akuyar da ta rame ta mutu. Tabarma a naɗe ta da igiyar kaba, garin goriba a zuba shi a jakar tsumma ko kwano mai murfi.

Su ma masu saƙa da masu yanka akwai nasu aiki. Su haɗa kai su yi ƙungiya, su tsai da kuɗi ɗaya. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya riƙe musu littafi: ranar da kaya suka fita, yawansu, kuɗinsu, da sunan wanda ya ɗauka. Kada a saki kaya saboda an ga hoton takardar biya a waya. Sai an karɓi kuɗi a hannu. Mai son sanin yadda ake rainon goriba ya nemi ma'aikatan gandun daji na Mayahi ko Tasawa.

A kasuwa mai zuwa, duk wanda ya zo ɗaukar hoton tabarma, a kai shi gona ya ga tsiron da aka bari. Sai wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.