FILIN LAFIYA: Ƙwayar da ke ɗaukar hoton hanji

Jama'a, a wannan wata filin lafiya zai yi magana bisa ƙaramin hanji. Tsawonsa ya kai wajen mita 6, yana nannaɗe cikin ciki. A da, in gyambo ya fito a tsakiyarsa, likita ba ya iya ganinsa da sauƙi. Tiyon da ake zurawa ta baki ba ya wuce farkon hanjin. Wanda ake zurawa ta dubura kuwa, ƙarshensa kawai yake taɓawa.

Wani injiniya na ƙasar Isra'ila, Gavriel Iddan, shi da abokan aikinsa suka ƙera wata ƙwaya mai ɗaukar hoto. A shekarar 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi aiki da ita. Tsawonta milimita 26, kaurinta milimita 11. Cikinta akwai fitila da batir da abin ɗaukar hoto.

Ga yadda ake yi. Majinyaci ya kwana bai ci kome ba. Da safe a ɗaura masa wani ɗan akwati a ƙugu, ya haɗiye ƙwayar da ruwa. Tana tafiya tana aika hotuna cikin akwatin har wajen awa 8, hoto dubu 50 ko fiye. Bayan nan ta fita tare da bayan gida, ba a sake aiki da ita. Likita ya zauna ya duba hotunan. Aiki ne na manyan asibitoci, yana kuma da tsada.

Akan nemi cutar Kuron da ita, wadda likita Burrill Crohn da abokansa suka bayyana a Amurka a 1932. Tana kumbura hanji, ta yi masa gyambo. Alamunta su ne zawo mai daɗewa, murɗar ciki, rama da ƙarancin jini.

Amma a lura, ƙwayar tana ganin gyambo, ba ta faɗin abin da ya kawo shi, don ba ta iya ɗebo tsokar da za a auna. Abu uku kan yi kama da juna a hoto:

1. Cutar Kuron.
2. Tarin fuka da ya kama hanji. Shi akwai shi a ƙasarmu. In aka ba mai shi maganin Kuron, wanda ke rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta, ciwon sai ya ƙaru.
3. Gyambon da ƙwayoyin ciwon jiki ke kawowa, irin su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda manomi kan saya wurin mai tebur bayan noma.

Akwai kuma hatsari. In hanji ya tsuke, ƙwayar na iya maƙalewa, wani lokaci sai an yi aiki a fidda ta. Shi ya sa akan fara ba da wata ƙwayar gwaji mai narkewa.

Don haka, wanda zawo ya yi wa wata guda, yana ramewa, kada ya tsaya ga mai tebur. Ya je likita a auna bayan gidansa da jininsa, a duba tsutsar ciki da atuni tukuna. Ya faɗi duk maganin da yake sha. In akwai mai tari a gidan, ya faɗa. Wannan bayani ba ya fitowa a hoto, sai daga bakin mai ciwo.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.