Mai cin amfanin daji, shi ya kamata ya tsare shi

Yara, kun taɓa lura da sunan garinmu? A cikin Dogon Kiriya akwai sunan itace, wato kirya. Da kirya masassaƙi yake sassaƙa turmi. Da gawayinta maƙeri yake hura wuta, ya ƙera hauya da gatari. To, yau kirya nawa kuke gani tsakanin gida da gona?

Ku dubi kasuwa. Mai tuyar ƙosai tana bukatar itace, mai gasa nama ma haka. Mai amalanke yana sayar da itace, ya sayi hatsi. Dukansu daji ne jarinsu. In daji ya ƙare, sana'a ta mutu. Don haka nake ganin ya kamata kowane mai ƙaramar sana'a ya ba daji rana guda a wata, ba tare da an biya shi ko dala ba.

Wani zai ce: wannan aikin ma'aikatan gandun daji ne, ni ba ni da kuɗi. Amma ma'aikata kaɗan ne, daji kuwa da faɗi. Kuma aikin ba ya cin kuɗi. Wuƙa da haƙuri sun isa.

Ga misali. A shekarar 1983, a jihar Maraɗi, wani malamin gona mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba. Suna toho kowace shekara, ana sarewa. Sai manoma suka koyi zaɓen rassa kaɗan masu ƙarfi, su datse sauran, su bar su su girma. Da wannan dabara itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Abin da aka yi can, ana iya yin sa a Arewa, da sabara da kalgo da gawo. Kun dai san yadda gero yake kyau ƙarƙashin gawo.

Tun 1975, kowace ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa a ƙasarmu. Dashe yana da kyau, amma in rani ya yi, wa ke ban ruwa? Wa ke yin shinge don awaki? A nan ne ake bukatar gayyar masu sana'a. Maƙeri ya wasa wuƙaƙe. Mai amalanke ya kawo ruwa da ƙaya. Masassaƙi in ya sare ɗaya, ya reni uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku ma kuna da rabonku. Yau in kun koma gida, ku tambayi baba ko inna: daga ina itacen sana'arku yake zuwa, kuma wa zai maida shi?