Zancen Iyali: Me Ya Sa Faifan Wasa Ya Ƙi Mutuwa?

A wannan wata za mu taɓa zancen da yara suka fi iyayensu sani nesa ba kusa ba, watau wasannin bidiyo da a ke yi da na'urar da a ke jonawa da talabijin, irin su PlayStation ta kamfanin Sony, da Xbox ta Microsoft, da Switch ta Nintendo. Mu da mu ke koyarwa kullum muna jin gardamarsu idan an tashi tara. Yara ne masu wasan, amma kuɗin daga aljihun iyaye ya ke fita, saboda haka ya kamata mu san abin da mu ke saye.

A dā wanda ya ke son wasa sai ya tafi kanti ya sayi faifai cikin kwalinsa. Yanzu kuwa ana biya ta intanet, a sauko da wasan kai tsaye cikin na'ura. Kamfanoni sun fi son wannan hanya ƙwarai, gama babu kuɗin buga faifai, babu na dako, babu rabon mai kanti. Tun daga 2020 fiye da rabin wasannin PlayStation ta haka a ke sayensu. Duk da haka an yi shekara fiye da goma sha biyar ana ƙoƙarin kawar da faifai, bai kawu ba. Me ya hana?

Sony ne ya fara gwadawa sosai. A 2009 ya fito da wata ƙaramar na'urar hannu mai suna PSP Go, wadda ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan. Kuɗinta dala 249 a Amurka, alhali 'yar'uwarta mai karɓar faifai dala 169 ce. Wanda ya riga ya tara faifai ba shi da yadda zai yi da su a cikinta. Masu kantuna kuma suka ja baya, gama ribar da su ke samu a kan na'ura kaɗan ce, abincinsu yana cikin wasannin da mai saye zai riƙa dawowa nema. Ina amfanin sayar wa mutum abin da zai raba ka da shi har abada? Kafin 2011 ta ƙare an daina ƙera ta domin yawancin ƙasashe. Kamfani yana bukatar kanti ya sayar masa da na'ura, saboda haka ba ya iya karya farashi ta intanet har ya kashe wa mai kanti kasuwa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa sabon wasa kan fito da kuɗi ɗaya, ko da faifai ko babu.

Amma babban cikas ɗin ya fito fili ne a 2013. Microsoft ya sanar da Xbox One, ya ce dole na'urar ta gaisa da intanet sau ɗaya cikin kowace awa 24, in ba haka ba wasanni su tsaya. Ya kuma sa ƙa'idodi a kan ba da aro da sayar da faifan da aka riga aka yi amfani da shi. Mutane suka yi caa. Da aka tambayi shugaban sashen, Don Mattrick, yadda marasa intanet za su yi, sai ya nuna musu tsohuwar na'ura, Xbox 360. Sony kuwa ya fito da wani ɗan fim wanda bai kai rabin minti ba, wai yana koyar da yadda a ke ba da aron wasa a PlayStation 4: wani babban jami'insa, Shuhei Yoshida, ya miƙa wa abokin aikinsa Adam Boyes kwalin faifai, shi kuma ya yi godiya. Shi ke nan, darasi ya ƙare. Ran 19 ga Yuni 2013 Microsoft ya janye ƙa'idodin nan.

Abin da mutane suka tsaya a kai shi ne mallaka. Faifai kayanka ne. Kana iya ba maƙwabci aro, ka bar wa ƙane, ka sayar ka cika kuɗi ka sayi wani, ko ka naɗe shi a takarda ka ba yaro ran Kirsimeti. Gidan da ba shi da hali yana jira a sami na hannu da araha. Wasan da aka sauko da shi kuwa yana ɗaure ga sunan wanda ya biya, ba a sayar da shi ga wani. In muka karanta ƙananan rubutun yarjejeniyar, sai mu ga ashe izinin amfani kaɗai aka ba mu. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Kada a ce muna kai zance nesa. Nintendo ya rufe kantinsa na intanet na Wii a Janairu 2019, ya rufe na 3DS da Wii U a Maris 2023. Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yuli 2024. Sony ya yi niyyar rufe na PlayStation 3 da Vita a 2021, sai da aka yi ta kuka ya fasa. Gaskiya ne galibi ana barin mutum ya sake sauko da abin da ya riga ya biya, amma wasu daga cikin wasannin da ba su taɓa fitowa a faifai ba, ba sauran inda sabon mai saye zai same su. Mafi muni shi ne wasan tseren mota mai suna The Crew na kamfanin Ubisoft, wanda ba ya aiki sai da intanet. A ƙarshen Maris 2024 aka kashe injinan da su ke riƙe da shi, ya mutu a hannun kowa, har da masu faifai. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka wadda ta fara aiki a Janairu 2025, cewa mai sayar da irin wannan kaya ya bayyana wa mai biya sarai cewa izini ne ya ke saye. A ganinmu abin kunya ne a ce sai da doka ɗan kasuwa zai faɗi wannan.

Akwai kuma zancen kanti ɗaya tilo. A 2020 PlayStation 5 ta fito iri biyu, mai faifai dala 499, marar faifai dala 399. Rangwamen dala 100 yana da daɗin ji, amma wanda ya ɗauki marar faifai ba shi da wurin saye sai kantin Sony, gama tun Afrilu 2019 kamfanin ya daina ba 'yan kasuwa lambobin sauko da wasanninsa su sayar. Babu tayi, babu zaga kasuwa. A 2022 aka kai Sony ƙara a Ingila a madadin miliyoyin masu saye, a kan kashi 30 cikin ɗari da ya ke karɓa a cinikin kantin nan.

Sauran cikas ɗin mun san su a jikinmu. Wasan Red Dead Redemption 2 na 2018 ya kai wajen gigabait 100, har sai da aka raba shi a faifai biyu. Bari mu yi lissafi irin na aji: da intanet mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, saukar da shi zai ci awa 22 da ɗoriya, in wuta ba ta ɗauke ba, in kuma data ta isa. Nijeriya ma ba ta cikin jerin ƙasashen da Sony ya buɗe wa kantinsa, shi ya sa samari ke yin rajista da sunan wata ƙasa, suna sayen katin kuɗi na dala ko na fam. Iyayen da suka bar lambar katin bankinsu cikin na'ura kuma su yi hattara. A Disamba 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya yarda ya biya dala miliyan 245 domin a mayar wa mutane a Amurka kuɗin da aka cire musu ba da nufinsu ba, ciki har da sayayyar da yara suka yi ba da sanin iyaye ba.

Kamfanoni dai ba su haƙura ba, sun koma bi ta bayan gida. PlayStation 5 Pro ta 2024 ta zo ba wurin faifai, sai a saya dabam a jona. Nintendo kuma, da ya fito da Switch 2 a Yuni 2025, ya kawo wani irin kati wanda babu wasa a cikinsa, mabuɗi ne kawai. Ana sayensa a kanti cikin kwali, ana ba da aronsa, ana sayar da shi na hannu, amma sai an sauko da wasan ta intanet kafin a fara. Ana rubuta wannan a ƙasan fuskar kwalin, tare da yawan gigabait ɗin da za a sauke, sai mai saye ya duba wurin kafin ya ƙirga kuɗi.