SHARHI: Injin rotari na neman mafaka a sama, ko Najeriya ta shirya?

Da wuya a samu bakanike a garejin Tudun Wadar Zariya da ya taɓa buɗe injin rotari. Amma makomar wannan inji ta shafi ƙananan jiragen da ke shawagi a saman garin, da kuma kuɗin tsaron ƙasa.

Injiniyan Jamus Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, samfurin farko ya tashi a 1957. Ba shi da fistin mai hawa da sauka. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a cikin akwatinsa. Saboda haka ƙarami ne, mara nauyi, kuma ba ya jijjiga sosai. Aibinsa shan fetur, ƙona baƙin mai da hayaƙi, ga saurin cinyewar ƙarafan da ke toshe kusurwoyin.

Kamfanin Mazda na Japan ne ya fi kowa riƙe shi, har motarsa 787B ta lashe tseren Le Mans a 1991. Duk da haka, ƙa'idojin hayaƙi da ƙarancin ciniki sun sa ya daina ƙera RX-8 a 2012. Da injin ya dawo a 2023 cikin MX-30 R-EV, ba taya yake juyawa ba, janareto ne mai cajin batir. A ƙasar da aka cire tallafin fetur tun 29 ga Mayu, 2023, babu direban da zai yi marmarin mota mai kwankwaɗar mai.

A sama ma ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Masu haɗa jirgi a gida a Amurka sun daɗe suna ɗora injin Mazda a jiragensu, amma tun da aka daina ƙera motar, kayan gyara ke ƙara wuya. Mu ma mun taɓa bin hanyar haɗa jirgi: Air Beetle, wanda aka harhaɗa wa Rundunar Sojin Sama guda 60 a Kaduna, an ɗauko tsarinsa ne daga RV-6A na masu haɗawa a gida. Injinsa kuwa Lycoming ne mai fistin, daga Amurka. Jiki namu, zuciya ta aro.

Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta nuna abin da ke yanke hukunci. Tsada da ƙarancin fetur na musamman na ƙananan jirage suka sa ta karkata ga jiragen Diamond masu shan Jet A1. Samuwar mai da kayan gyara ke raya inji, ba kyan ƙira ba.

Inda rotari ke da sauran numfashi shi ne jirage marasa matuƙa, domin a can rashin nauyi ya fi tsawon rai muhimmanci. Da shi RQ-7 Shadow na sojin Amurka ya yi aiki, haka ma Shahed-131 na Iran. Najeriya ta ƙaddamar da Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, dukkansu a Kaduna.

Tambayar da ya kamata 'yan majalisa su yi a lokacin kasafi ita ce: nawa aka ware wa binciken inji a Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Zariya, da Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama? Duk wanda ya ƙera fiffike ya bar inji a hannun wasu, ranar da aka hana shi saye, jirginsa a ƙasa zai kwana.