Daga Bath Zuwa Dutsi: Wa Zai Adana Abin da Baƙo Zai Zo Gani?

 Duk lokacin da hutun ƙarshen shekara ya kama, shafukan Facebook kan cika da hotunan 'yan ƙasarmu masu hali da suka fita yawon buɗe ido. Wani yana Dubai, wani yana Istanbul, wasu kuma, musamman masu 'ya'ya a jami'o'in Ingila, sukan ɗauki jirgin ƙasa daga Landan su yi tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi zuwa wani tsohon gari mai suna Bath. A kan wannan gari nake so mu yi nazari a makon nan, domin akwai darasi a cikinsa ga mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Sunan garin ma'anarsa wanka, kuma wankan ne asalinsa. Akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi a tsakiyarsa wadda ke fitar da sama da lita miliyan ɗaya kullum, zafin ruwan kuwa ya kai digiri 46. Rumawa ne suka fara gina wuraren wanka da ɗakin bauta a kanta, kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Bayan tafiyarsu gine-ginen suka rushe, ƙasa ta binne su. A ƙarni na 18 garin ya sake tashi, ya zama matattarar attajirai da masu sarauta, masu zuwa neman sauƙin ciwon gaɓoɓi da kuma hutawa, aka gina masu jerin gidajen dutse waɗanda har yau suna tsaye. A ƙarshen ƙarni na 19 aka tono babban kwamin wankan Rumawa, aka share shi, aka buɗe wa masu kallo. Hukumar UNESCO ta saka garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1987, ta sake saka shi a 2021 tare da wasu garuruwan wanka guda goma na Turai, irin su Vichy ta Faransa da Baden-Baden ta Jamus.

Mu ma wannan al'ada ta bin ruwan zafi ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Mutanen Nijar sun daɗe suna zuwa Tafadek, arewa da Agadas, su yi kwanaki suna shiga ruwan don sanyin ƙashi da cututtukan fata. A Bauchi akwai ruwan ɗumi na Wikki a dajin Yankari, a Ekiti akwai na Ikogosi. Sai dai wanda ya dubi tarihin Bath da kyau zai gane cewa ba ruwan kaɗai ke riƙe da garin ba. Abubuwa biyu da suka faru a can sun isa hujja.

Na farko, a shekarar 1978 wata yarinya ta rasu bayan ta yi iyo a ruwan, aka gano wata ƙwayar cuta a cikinsa, hukuma ta hana wanka. Shekara 28 aka yi, sai a 2006 aka buɗe sabon gidan wanka. A duk tsawon wannan lokaci baƙi ba su daina zuwa ba, domin abin da suke biyan kuɗi su gani shi ne gini da labari, da mutanen da suka iya ba da labarin.

Na biyu ya fi kusa da halin da muke ciki. A watan Afrilun 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suka yi wa Bath ruwan bama-bamai, mutum sama da 400 suka mutu, babban zauren taron garin ya ƙone. To amma tun a 1941 Ingila ta kafa wata hukuma da aikinta kawai shi ne ɗaukar hotuna da tattara zane-zanen tsofaffin gine-gine kafin wuta ta ci su. Ba su ce bari a gama yaƙi tukuna ba. Da ƙura ta lafa, suna da abin dubawa, aka gyara zauren, aka sake buɗe shi a 1963.

Yanzu mu dawo gida. A ce yau hanya lafiya lau take, baƙo ya ce a nuna masa arewacin Zamfara cikin kwana uku, ina za a kai shi?

A Ƙauran Namoda za a fara. Garin yana ɗauke da sunan Muhammadu Namoda, jarumin Alibawa wanda ya jagoranci rundunar Zamfara a jihadin Shehu Usmanu, yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, daga baya ya rasa ransa a yaƙin Kiyawa. Za a kai baƙo ziyarar kabarinsa, a nuna masa kufan Kiyawa, birnin da har yau sarautar Ƙaura ke amsa sunansa. Daga nan sai tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo ya iso a 1929 ya tsaya bai wuce ba. Wanda ya hau jirgi daga Ikko ya bi ta Zariya da Gusau, a nan ƙarfe ke ƙare masa. Gyaɗa da auduga da fatun ƙasar Sakkwato ta nan suka riƙa fita zuwa teku, wannan ne kuma ya tara wa garin Yarabawa da Ibo da sauran baƙi tun kafin a haifi iyayenmu.

Rana ta biyu sai Zurmi, a bakin gulbin Bunsuru, mazaunin Sarkin Zamfaran Zurmi. A ƙasarta Dutsi take, wadda tarihin baka ya ce ita ce mazaunin farko na sarakunan Zamfara, tun daga Dakka, kuma akwai manyan kaburbura a can da ake dangantawa da sarakunan farko. Daga Dutsi mulki ya koma Birnin Zamfara, kusa da Isa ta yau, wanda Gobirawa suka rushe a zamanin Sarki Babari a tsakiyar ƙarni na 18. Rana ta uku, in an daidaita ta faɗo Alhamis, sai kasuwar Shinkafi, wadda ta tara fatake daga Nijar da kudancin Najeriya, a ƙarasa da Tubali, garin Ibrahim Narambaɗa. Wanda ke son waƙar maza kuwa, an riga an ba shi labarin Kassu Zurmi tun jiya.

Wannan zagaye ba ni na ƙirƙire shi ba. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Dutsi da Badarawa a kan hanyarsa daga Katsina zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Lokacin ma hanya ba lafiya, domin sai da ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi dare da rana ba zango, don tsoron harin Gobirawa. Duk da haka mutumin nan ya rubuta abin da ya gani, shi ya sa yau muke da siffar garuruwanmu ta wancan zamani daga alƙalamin baƙo.

Na san abin da wani zai ce: mutane na mutuwa, ana kwashe su a hanya, ana ɗora wa ƙauyuka haraji kafin su girbe gonakinsu, kai kana zancen yawon buɗe ido? Gaskiya ne. Ba na gayyatar kowa ya kama hanyar Ƙaura zuwa Zurmi ko zuwa Shinkafi don kallo a wannan hali, kuma duk jami'in da ya tsaya a taro yana tallata Zamfara ga baƙi alhali 'yan ƙasa ba su iya zuwa gona, wasa yake da hankalin mutane. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a jihar saboda 'yan bindiga. Tsaro shi ne farko, kuma haƙƙi ne a wuyan gwamnati.

Amma akwai wata asarar da ba a ƙidaya ta a cikin rahotannin hare-hare. Idan ƙauye ya watse, ba rumbuna da dabbobi kaɗai ake bari a baya ba. Tsohon da ya san jerin sarakunan garin, ya san wace kuka ce aka yi sansani a gindinta, ya san kabarin wane ne a bayan ganuwa, yanzu yana kwance a wani kango a Ƙaura ko Gusau, yana gudun hijira. Ranar da ya cika, ya tafi da abin da ke kansa. Jikokinsa kuwa sun tashi ba su taɓa taka garin kakanninsu ba. Yaron da aka haifa a Zurmi shekara goma sha biyar da suka wuce zai iya nuna maka hasumiyar Dubai a wayarsa, amma da wuya a ce ya taɓa ganin Dutsi da idonsa. Gona in an dawo za a sake nome ta. Labarin da ya bi mai shi kabari ba ya dawowa.

Saboda haka ga abin da nake ganin za a iya yi tun yau, ba tare da jiran kwangila ko kasafin kuɗi ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, su mayar da tattara tarihin baka wani ɓangare na aikin ɗalibai. Tsofaffin nan suna cikin gari, ba sai an shiga daji ba, wayar hannu kuma ta isa ɗaukar murya da hoto. Abin da aka tara a yi masa kwafi uku: ɗaya a fada, ɗaya a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ɗaya a Gidan Arewa da ke Kaduna. Ɗaliban zanen gini da safiyo su auna tashar jirgi da tsofaffin zauruka da abin da ya rage na ganuwa inda ƙafa za ta iya kaiwa.

Masarautun uku kuma su kafa doka a kan kufai da makabartun tarihi, kada a yanka su filaye, kada a haƙe su don bulo. Mun ga yadda aka cinye badalar Kano da kaɗan-kaɗan, alhali ba yaƙi ake yi a can ba. Attajiranmu da 'yan majalisarmu, maimakon rabon atamfa, wani ya ɗauki nauyin fassara tarihin Zamfara da Kurt Krieger ya wallafa da Jamusanci a 1959, da kundin digirin Dakta Garba Nadama na 1977 a Jami'ar Ahmadu Bello, a mayar da su Hausa, a raba wa makarantu. Shugabannin makarantu su ma su ware rana guda a kowane zango, a jera yara a kai su tasha da fada da kabarin Namoda. Yawon buɗe ido a gida yake farawa, domin wanda bai san garinsu ba, ba shi da abin da zai nuna wa baƙo.

Hausawa suka ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wannan fitina za ta wuce da yardar Allah, kamar yadda ta zamanin Barth ta wuce, hanya za ta buɗe, motocin Alhamis za su sake yin jerin gwano zuwa Shinkafi. A ranar, baƙo zai sauka a Ƙaura ya yi tambaya, kuma amsar da zai samu ta dogara ne da abin da muka rubuta muka ajiye a waɗannan shekaru masu wuya.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Sai mako mai zuwa.