Filin Motoci da Injuna: Me Ya Hana a Tara wa Injin Wankel Rota da Yawa?

A wannan mako za mu duba wani inji wanda ba shi da fistin ko ɗaya, watau injin da Bajamushen nan Felix Wankel ya ƙago, wanda kamfanin NSU ya fara tayarwa a shekarar 1957. Maimakon fistin mai hawa da sauka, a cikinsa akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ake kira rota, yana juyawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. Kowane juyi ɗaya na rota, sandar da ke tsakiyarsa takan juya sau uku.

To, tun da an ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ga motoci masu silinda takwas har da goma sha biyu, mai karatu zai so ya ji abin da ya sa yawancin motocin Wankel da aka sayar wa jama'a suka tsaya a rota biyu.

Babban dalili yana jikin sandar tsakiya. Wannan sanda tana da doro a kowane wurin da rota zai zauna, kuma kowane rota yana bukatar giya mai haƙora wadda aka kafe a bango, domin ta tsare masa hanyar juyawa. Idan rota biyu ne, aiki ya zo da sauƙi: a zura ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, giyar kowanne a kafe ta a murfin da ke gefensa, sandar kuwa guda ɗaya ce ba haɗi. Amma da zarar an ƙara na uku, tilas giyarsa da boris ɗinta su zauna a bangon tsakiya, alhali ramin da ke cikinsu ya fi doron sandar ƙanƙanta. Doron ba zai wuce ba. Sai dai a yanka sandar gida biyu, a haɗa ta bayan an zura, ko kuma a tsaga giyar. Duk makanikin da ya san aikinsa ya san cewa mahaɗa ita ce wurin da ƙarfe ya fi rauni.

Na biyu kuma shi ne tsawo. Ana jera gidajen injin ne ɗaya bayan ɗaya kamar faifai, sa'an nan a ɗaure su da dogayen ƙusoshi. Gwargwadon yawan rota, gwargwadon tsawon sanda da ƙusoshin, sandar kuma ta riƙa murɗewa tana tanƙwarewa idan inji ya ɗauki gudu. Ga kuma zafi. Gefe ɗaya na gidan rota kullum wuta ke ci a cikinsa, ɗaya gefen kuwa iska mai sanyi ke shiga, ruwan sanyaya inji kuma sai ya ratsa gidajen bi da bi, yana ɗaukar zafi a hanya.

Na uku shi ne kuɗi. Kowane rota yana da 'yan ƙarafa uku a bakin kusurwoyinsa masu hana iska sulalewa, kuma saurin cinyewarsu ne ya jawo wa NSU hasara mai yawa a kan motarta Ro 80 ta 1967, har kamfanin ya koma hannun Volkswagen a 1969. Daɗin daɗawa, injin Wankel mashayin mai ne. Da farashin man fetur ya tashi a 1973, sai manyan kamfanoni suka ja da baya. Mercedes-Benz ta gwada rota uku a motarta C111 a 1969, ta gwada huɗu a 1970, amma ba ta taɓa kai motar kasuwa ba.

Kamfanin Mazda na Japan shi ne ya daure. A 1990 ya fitar da Eunos Cosmo mai rota uku, wadda sandarta gida biyu ce. A 1991 kuma motarsa ta tsere 787B, mai rota huɗu da ƙarfin doki wajen 700, ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a ƙasar Faransa. Wannan ya nuna rota huɗu yana yiwuwa, amma injin tsere ana kwance shi ne a duba bayan kowace gasa, abin da mai motar zuwa ofis ba zai iya ba.

Ban da haka, ribar ƙarin ba ta taka kara ta karya ba. Rota biyu kan ba da bugun wuta biyu a kowane juyin sanda, daidai da injin silinda huɗu, ga shi kuma ba ya jijjiga sosai. Mai neman ƙarin ƙarfi ya fi masa araha ya sa turbo da ya tsawaita inji.

A ganina, darasin a nan shi ne mai sayen mota kada yawan lamba ya ruɗe shi. Ya tambayi shan mai, da kayan gyara, da wanda zai gyara masa. Ita kanta Mazda, bayan ta daina ƙera RX-8 a 2012, da ta dawo da injin a 2023 cikin motar MX-30, rota ɗaya tak ta sa, aikinsa kuwa shi ne juya janareta domin cajin batir.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.