Hawan Mambila Da Babur: A Tafi, Amma A Dawo

Akwai wata al'ada da ta ke yaɗuwa tsakanin samarinmu masu ɗan abin hannu, watau su haɗu su ɗaure kaya bayan babur, su kama doguwar tafiya ta kwana da kwanaki, ba don fatauci ba, sai don ganin ƙasa. Cikin wuraren da su ke sha'awar zuwa har da tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Waɗansu dattawa suna ganin wannan abu shiririta ce da ɓarnar kuɗi, har suna cewa a hana. Mu ba mu ga haka ba. A ganinmu tafiyar tana da amfani, abin da ya ke bukatar gyara shi ne yadda a ke yinta.

Bari mu fara da amfanin. Ƙasar Mambila tana cikin yankin da mutanensa suka jefa ƙuri'a a 1961 suka zaɓi zama cikin Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna. Amma har yau mutum nawa ne daga Kano ko Sakkwato ya taɓa sa ƙafa a Gembu? Wanda ya tashi daga Jalingo ya bi ta Bali da Serti, ya hau dutse daga Mayo Selbe, ya ratsa Maisamari da Nguroje, zai ga gonakin shayi na Kakara, da shanun Filani cikin ciyawa kore shar. A wannan yanki ne kuma Chappal Waddi ya ke, mai tsawon mita 2,419, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Nijeriya. Mai babur kuwa ba kamar na cikin mota ba ne. Tilas ya tsaya ya sayi mai, ya ci abinci, ya nemi masauki, ya gaisa da mutane. Ta haka kuɗi ke shiga hannun mai shayi da bakanike da mai faci, ta haka kuma ɗan ƙasa ya ke sanin ɗan'uwansa.

Waɗansu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A arewacin Italiya akwai hanyar Stelvio, wadda aka gina tsakanin 1820 da 1825, tana hawa har mita 2,757, gefe guda kaɗai yana da kwana 48 masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Ƙanƙara tana rufe ta da hunturu, amma da zarar an buɗe sai masu babura su yi ta tururuwa daga ƙasashen Turai, garuruwan gindin dutsen suna cin moriyarsu.

To, amma fa dutse ba ya san wasa. Yawancin samarinmu a fili suka koyi tuƙi, inda hanya ta ke miƙe sambal. Hanyar Mambila kuwa sunayen wurarenta ma sun isa gargaɗi, irin su Hawan Biyu da Sisi da Kwanar Duram. Daga gindi zuwa bisa mutum zai hau fiye da mita 1,000. A irin wannan tsawo iska ta kan yi shara-shara, har inji ya rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, saboda haka wanda ya saba wuce babbar mota da murza totur sau ɗaya zai iske babur ɗinsa ya yi nauyi a daidai lokacin da ya ke tsakiyar hanya. Zafi kuma ya kan ragu da wajen digiri 6, ga hazo da ruwan sama. Hannun da sanyi ya sandarar ba ya kama birki da sauri.

Mafi haɗari duka shi ne gangara. Mun san halin masu kashe inji ko su cire giya don tsimin mai. Mai yin haka ya ɗora nauyin babur da nasa da na kaya duk a kan birki. Birki kuwa da guga ya ke aiki, guga tana haifar da zafi, in zafin ya yi yawa sai ya daina kamawa, ko man birkin ya tafasa, mutum ya taka ya ji wayam. Dabarar da direbobin dutse suka gada ita ce a sauko da giyar da aka hau da ita, inji ya riƙe gudun. Haka kuma a rage gudu tun kafin a shiga kwana, a tsaya a hannunka, domin ba ka san ko gingimari ce ta ke tahowa ta cinye rabin hanya ba.

Sai maganar hular kwano. Bayan da Baturen nan T. E. Lawrence ya mutu sakamakon faɗuwa da babur a 1935, wani likita cikin waɗanda suka duba shi, Hugh Cairns, ya dukufa kan binciken raunin ka, har sojan Ingila suka wajabta hular ga mahayansu a 1941. Mu kuwa da aka tsananta dokar a nan cikin Janairu 2009, sai aka ga waɗansu sun kifa ƙwarya a ka don su yaudari jami'ai. An yi dariya a lokacin, amma dutse ba jami'i ba ne balle a yaudare shi.

Za a ce mana, tun da haɗarin ya kai haka, me zai hana a hana tafiyar ɗungum? Amsarmu ita ce mutanen Mambila kansu kullum bisa babur su ke kai amfanin gona kasuwa, su kai majiyyaci asibiti. Gyaran da zai tsare baƙo shi ne zai tsare ɗan gari. Don haka muna roƙon hukuma ta kula da shinge a bakin kwazazzabai, da allunan gargaɗi kafin kowace muguwar kwana, da kwashe ƙasar da ta ke zaftarewa da damina. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ya kamata ta riƙa duba birki da taya a gindin dutse kafin a hau.

Ku kuma samari, ku tafi da rani, ku yi tafiyar rana, ku nemi labarin lafiyar hanya wurin hukuma da mutanen gari, kada ku yi tsere, kada kuma ayari ya bar na baya. Sannu ba ta hana zuwa. Iyayenku labarin Gembu su ke jira daga bakinku, ba daga bakin mai kawo saƙon ta'aziyya ba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, amin.